Tashi da Faɗuwar InVision, Kamfanin da Ya Koya wa Duniya Gwada Manhaja Kafin a Gina Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin kasuwar Jimeta, ko ya tura wa ɗan'uwa kuɗi ta OPay ko Moniepoint daga cikin ɗakinsa a Rumde, ya ci moriyar aikin wasu mutane da ba a cika jin labarinsu ba. Su ne masu zana fuskar manhaja. Su ke yanke shawarar inda maɓallin tura kuɗi zai zauna, da girman lambobi, da launin da zai nuna kuɗi sun tafi da wanda zai nuna sun maƙale, da abin da zai fito idan mutum ya yi kuskuren lambar asusu. Kafin injiniya ya rubuta layi ɗaya, waɗannan mutane sun riga sun zana kowane shafi, sun haɗa su, sun ba wasu sun gwada. Shekaru da dama, kamfanin da ya fi kowa suna a wannan fanni na gwaji shi ne InVision na birnin New York. A ƙarshen 2018 masu zuba jari sun ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 1.9. A ƙarshen 2024 ya rufe ayyukansa.

Sai an koma shekarun da suka biyo bayan fitowar iPhone a 2007 kafin a gane abin da kamfanin ya zo da shi. Apple ya buɗe kasuwar manhajojinsa a 2008, wayoyin Android suka biyo baya, nan da nan kowane banki da kowace jarida da kowane babban kanti a Amurka da Turai ya ce shi ma sai ya mallaki tasa manhajar. Aiki ya yi wa masu zane yawa, amma kayan aikin da ke hannunsu ba don wannan aka ƙera su ba. Yawancinsu da Photoshop suke yi, manhajar da asalinta ta gyaran hotuna ce. Mutum zai zauna ya zana shafi talatin ko arba'in, ya mayar da kowanne hoto, ya jera su a PowerPoint ko ya tura ta imel. Mai aikin ya dubi hotunan da ba sa motsi, ya gyaɗa kai ya ce sun yi. Injiniyoyi su kwashe watanni suna gini. Ranar da aka miƙa masa waya ya riƙe da hannunsa ya fara dannawa, a ranar zai gane ashe ba haka yake nufi ba. A lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi, gyaran da zai ci minti goma a kan zane yanzu sai ya ci makonni.

Clark Valberg da Ben Nadel sun sha wannan wahala da kansu. Suna da ƙaramin kamfani a New York mai suna Epicenter Consulting, suna gina wa mutane manhajojin intanet bisa kwangila. Don su rage saɓani da masu ba su aiki, suka haɗa wa kansu wani ɗan kayan aiki na cikin gida. A 2011 suka fitar da shi kasuwa da sunan InVision, Valberg na shugabanci, Nadel na riƙe da ɓangaren fasaha.

Abin da yake yi ba shi da wuyar bayani. Mai zane zai loda hotunan shafukansa. Sai ya ɗauki na farko, a ce shafin buɗe asusu ne, ya ja ɗan akwati a kan maɓallin da aka rubuta wa "Shiga", ya gaya wa manhajar cewa duk wanda ya taɓa nan a kai shi hoto na biyu. A na biyun ya ja wani akwatin a kan "Tura kuɗi", ya haɗa shi da na uku. Haka har ya ƙare. Daga nan a ba shi adireshi guda ɗaya ya tura wa mai aiki. Shi kuma ya buɗe a wayarsa, ya danna, shafi ya juya, ya sake dannawa, wani ya fito, kai ka ce manhajar ta riga ta kammala. Alhali babu komai a bayanta, ko kwabo ba ya motsi, hotuna ne kawai aka ɗinke su da juna. Idan wani abu bai yi masa ba, sai ya ɗora yatsa daidai wurin ya rubuta ƙorafinsa, saƙon ya tsaya a nan inda mai zane zai gan shi, ba sai an yi ta tonon tsofaffin imel ba. Wannan shi ake kira samfurin gwaji. A ganina dabara ce da ta cancanci yabo duk da ƙanƙantarta, domin ta ba wanda bai san komai game da kwamfuta ba damar ya ce "a'a" tun a lokacin da "a'a" ɗinsa ba ta da tsada.

Wata sa'ar da kamfanin ya taka ita ce Sketch. Wannan manhajar zane ce da wani ƙaramin kamfanin ƙasar Holan mai suna Bohemian Coding, na Pieter Omvlee, ya fitar a 2010. An yi ta musamman don zanen fuskar manhaja, ba ta da nauyin Photoshop, farashinta daga baya ya kai dala 99. Da kamfanin Adobe ya daina bunƙasa manhajar zanensa Fireworks a 2013, masu zane suka yi ta kwarara zuwa gare ta. Sai dai a lokacin Sketch zane kawai take yi, ba ta da hanyar nuna aiki ga wanda ke nesa. Nan InVision ya samu wurin zama: a zana a Sketch, a nuna a InVision. A 2016 ya fitar da Craft, ƙaramar manhajar da ake maƙala wa Sketch ta riƙa kwaso zane da dannawa ɗaya. Ya kuma ƙara Inspect, inda injiniya zai duba ya ga faɗin kowane maɓalli da lambar kowane launi ba sai ya kira mai zane ba. Wajajen 2015 zuwa 2017, duk wanda ke neman aikin zanen manhaja a Amurka ko Ingila, sunayen nan biyu za a tambaye shi ko ya iya.

Kuɗi suka fara shigowa kamar da bakin ƙwarya. A 2015 kamfanin zuba jari Accel ya jagoranci zuba dala miliyan 45. A 2016 aka ƙara miliyan 55 ƙarƙashin ICONIQ. A Nuwamban 2017 Battery Ventures ya jagoranci miliyan 100, sannan a Disamban 2018 Spark Capital ya jagoranci miliyan 115, wanda shi ne ya kai darajar kamfanin biliyan 1.9. Idan aka haɗa da na baya, jarin ya kai kimanin dala miliyan 350. A lokacin kamfanin na cewa yana da masu amfani sama da miliyan 5, kuma cikin abokan cinikinsa akwai Airbnb, Netflix, Uber, Amazon da kusan dukkan manyan kamfanoni 100 na Amurka.

Akwai abubuwa biyu da ya yi a wannan zamani waɗanda bai kamata faɗuwarsa ta binne su ba. Na farko, ba shi da ofis. Ma'aikata sama da 700, warwatse a ƙasashe da dama, kowa na aiki daga gidansa, tun shekaru kafin annobar korona ta tilasta wa sauran duniya yin haka. A lokacin ana ganin abin kamar ganganci. InVision ya nuna babban kamfani zai iya tafiya a haka, kuma duk matashin da a yau yake zaune a Yola yana yi wa wani kamfanin Legas ko Landan aiki ta intanet, yana tafiya ne a kan hanyar da irin su InVision suka share. Na biyu, ya kashe kuɗi sosai wajen ɗaukaka martabar sana'ar kanta. Ya shirya fim ɗin Design Disruptors a 2016, ya raba littattafai kyauta da shirye-shiryen saurare ƙarƙashin sunan Design Better, yana nanata wa shugabannin kamfanoni cewa mai zane ba ɗan kwalliya ba ne da ake kira bayan an gama komai, da shi ya kamata a fara. Mutane da yawa sun koyi sana'ar daga waɗannan rubuce-rubuce ba su taɓa biyan kamfanin ko sisi ba.

Amma tun yana kan ganiyarsa akwai rauni a tushensa. Ba a cikinsa ake yin zanen ba. A wani wuri ake yin aikin, shi ana kawo masa ne ya nuna. Matsayinsa matsayin dillali ne a kasuwar dabbobi: muddin mai saniya da mai saye ba su san juna ba, la'adarsa na nan daram, ranar da suka haɗu suka yi musayar lamba, ko bai yi wa kowa laifi ba, cinikin zai wuce ba tare da shi ba. Duk gyaran da mai zane ya yi a Sketch, sai ya sake turawa. Idan ya manta, mai aiki na can yana sharhi a kan tsohon zane. Idan masu zane uku ke aiki ɗaya, kowa da nasa fayil, sai an zauna an tantance wanne ne na ƙarshe. Mutane sun haƙura da wannan ne kawai don ba su ga wata hanya ba.

Hanyar kuwa ana can ana gina ta a San Francisco. A 2012, shekara ɗaya bayan kafa InVision, wani ɗalibin Jami'ar Brown mai suna Dylan Field ya ajiye karatu bayan ya samu tallafin Thiel na dala 100,000, ya haɗa kai da abokinsa Evan Wallace, wanda ya ƙware a wata fasaha mai suna WebGL da ke ba burauza damar yin zane mai nauyi da sauri. Suka kafa Figma. Burinsu a yi zanen gaba ɗaya cikin burauza, kamar yadda ake rubutu a Google Docs. Sun kwashe shekaru suna aiki ba su sayar da komai ba. Sai a Disamban 2015 suka fara ba mutane ƙalilan su gwada, a Satumban 2016 suka buɗe wa kowa.

Da farko ƙwararru da yawa ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Wasu sun ce burauza ba za ta iya ɗaukar babban aiki ba, wasu kuma ba sa son shugaba ya riƙa leƙa musu aiki tun bai nuna ba. Amma wanda ya taɓa gani sau ɗaya, da wuya ya koma. Ka buɗe fayil, sai ka ga wata 'yar kibiya mai ɗauke da sunan abokin aikinka tana yawo a kan allo, yana gyara rubutun maɓalli kai kana canza launinsa, a daƙiƙa ɗaya, ko da shi yana wata nahiya. Babu turawa, babu fayil na jiya da na yau. A tsakiyar 2017 Figma ta ƙara damar haɗa shafuka a yi samfurin gwaji a cikinta. A farkon 2018 Sketch ma ta ƙara nata. Adobe XD, wadda ta fito a 2016, da shi aka haife ta. Abin da InVision ya gina kamfani guda a kansa ya koma ɗan ɓangare a gefen allon manhajojin wasu.

Ba za a ce shugabannin InVision ba su hango haɗarin ba. A Oktoban 2017 suka sanar da Studio, manhajar zane tasu ta kansu, wadda za ta haɗa zane da motsi da gwaji wuri ɗaya, kuma kyauta. Bidiyon tallarta ya girgiza duniyar masu zane, dubban mutane suka rubuta suna suna jira. An yi alkawarin Janairun 2018. Watan ya zo ya wuce, aka riƙa ba mutane dama kaɗan-kaɗan, waɗanda suka samu kuma suka fara kukan tana da nauyi, tana sarƙewa idan fayil ya girma. Babban kuskuren dai ya fi wannan zurfi. Studio manhaja ce da ake saukewa a kwamfuta, kowa ya yi aikinsa shi kaɗai. Wato an ƙera ta ne don ta kayar da Sketch, a daidai lokacin da Sketch ɗin kanta ke rasa kasuwa. Sun shirya wa yaƙin jiya. A binciken shekara-shekara na UX Tools, inda masu zane ke faɗin kayan aikin da suke amfani da su, InVision ne kan gaba wajen samfurin gwaji a 2017. Zuwa 2020 Figma ta karɓe wurin, da ma na zanen baki ɗaya. Daga baya aka janye Studio tun kafin a rufe kamfanin.

Yawan kuɗin ma ya zama kaya. Kamfanin ya sayi ƙananan kamfanoni da dama, irin su Macaw, Silver Flows, Muzli, Brand.ai da Wake, kowanne da nasa tsari, kuma haɗa su su zama abu ɗaya bai zo da sauƙi ba. A lokaci guda yana ƙoƙarin sake gina tsohon tushen manhajarsa, wanda Nadel ya fara da harshen ColdFusion, ya koma sabon tsari. Aikin ya ja shekaru, abokan ciniki suka rabu biyu, wasu a tsohon da ake kira V6, wasu a sabon V7. Wanda ya karɓi jari a kan darajar kusan biliyan biyu ba shi da damar ya koma ƙaramin kamfani mai 'yar riba ya zauna lafiya. Dole ya ci gaba da girma, dole ya bi manyan kamfanoni masu sa hannu a kwangilar shekara-shekara. Waɗannan kwangiloli kuwa suna ɓoye ciwo: kuɗi na shigowa bisa tsohuwar yarjejeniya, alhali ma'aikatan da aka saya wa lasisin sun daɗe da komawa wani wuri. Sai lokacin sabuntawa gaskiya ke fitowa.

Akwai wani ɓangare na labarin da aka fi gani daga nan inda muke fiye da New York. Duk wanda ya san shagunan buga takardu na Jimeta ya san zanen kwamfuta ba baƙo ba ne a garin. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, fostar ɗan takara, allon shago, takardar shaidar sauka, duk akwai matasan da suka gwanance a kansu, yawanci da CorelDRAW, manhajar Kanada da ta fito tun 1989, a kan kwamfutar Windows ta hannu. Yaro zai zauna gefen maigidansa wata da watanni yana kallo, har hannunsa ya faɗa. Ido akwai, hannu akwai. Abin da babu shi ne kwamfutar Mac. Sketch kuwa a kan Mac kaɗai take aiki, har yau. Gaskiya ne a lokacin InVision na da tsarin kyauta mai ɗaukar samfuri ɗaya, kuma mai Windows zai iya loda masa hotunan Photoshop. Amma darussa da misalai da tallan guraben aiki duk a kan Sketch da InVision aka gina su. Matashin Rumde ko Luggere ko Doubeli da ke son ya tsallaka daga katin biki zuwa zanen manhaja, sai ya fara neman kwamfutar da kuɗinta ya fi jarin shagon maigidansa, sannan ya nemi hanyar biyan dala. Wannan ya tare mutane da yawa da suke da basirar.

Figma ta zo ba ta tambayi irin kwamfutarka ba. Tsohuwar HP ko Dell, muddin tana buɗe Chrome kuma akwai data, an gama. Tsarinta na kyauta ya ishi mai koyo ya yi aikin da zai nuna. Shi ya sa tun da wuri ta samu karɓuwa a Najeriya, har a 2018 Dylan Field da kansa ya zo Legas ya gana da matasa masu zane, aka kafa ƙungiyar Figma Africa. Ni a nan nake ganin ainihin bambancin kamfanonin biyu. InVision ya ƙidaya masu zanen da ke akwai, waɗanda suka riga suka mallaki Mac da albashi, ya yi musu hidima mai kyau. Figma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba a ƙidaya ba: ɗalibai, injiniyoyi, masu rubutu, manajoji, da matasan Legas da Nairobi da Kano da Yola. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko na Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, idan ya fara koyon zanen manhaja bayan 2019, mai yiwuwa bai taɓa buɗe InVision ba ko sau ɗaya. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da fasaha na 3MTT a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta sa zanen manhaja cikin fannonin da ake koyarwa, InVision na gab da sallama.

Shekarar 2020 ya kamata ta zama tasa. Korona ta kulle ofisoshi, duniya ta koma yin aiki irin yadda shi ya saba yi tun farko. Amma ribar ta tafi wani wuri. Darajar Figma ta kai dala biliyan 2 a Afrilun 2020, ta kai biliyan 10 a Yunin 2021. InVision ya juya akalarsa ga Freehand, wani farin allo na intanet da ya fitar tun 2017, inda mutane da yawa ke rubutu da zane lokaci guda a taro. Manhaja ce mai kyau, sai dai filin ya riga ya cika: ga Miro, ga Mural, sannan a Afrilun 2021 Figma ta fito da nata mai suna FigJam. A 2022 aka sallami ma'aikata masu yawa, Valberg ya bar kujerar shugabanci. A Satumban shekarar Adobe ya sanar zai sayi Figma kan dala biliyan 20, fiye da ninki goma na darajar da InVision ya taɓa kaiwa. Hukumomin hana danniya a kasuwa na Tarayyar Turai da Birtaniya suka ƙi sakin hanya, cinikin ya rushe a Disamban 2023, Adobe ya biya Figma dala biliyan 1 kuɗin fasa ciniki. A ƙarshen wannan shekara InVision ya sayar wa Miro da Freehand, Jeff Chow da ya jagoranci kamfanin bayan Valberg shi ma ya koma Miro. A farkon Janairun 2024 shugaban kamfanin na lokacin, Michael Shenkman, ya sanar cewa za a rufe sauran ayyuka a ƙarshen shekara, kowa ya kwashe kayansa kafin nan. Figma kuwa ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a ƙarshen Yulin 2025.

Wannan sanarwa ta "kowa ya kwashe kayansa" ita ce ta fi tsaya mini a rai. Hotunan shafuka ana iya sauke su. Amma samfurin gwaji ya wuce hotuna. Akwai muhawarar da aka yi a kan kowane maɓalli, da dalilin da ya sa aka bar wannan aka ɗauki wancan, da adireshin da mai zane ya sa a takardar neman aikinsa don a ga abin da ya taɓa yi. Duk waɗannan a rumbun kamfanin suke zaune, kuma da aka kashe injin, adireshin ya daina buɗewa. Shekaru goma sha uku na tarihin yadda aka tsara manhajojin da duniya ke amfani da su, mafi yawansa ba wanda ya adana shi a wani wuri.

Kuma kada murnar buɗe ƙofar da Figma ta yi ta rufe mana ido, domin dogaron iri ɗaya ne, ya ma fi tsanani. Da Sketch ko CorelDRAW, fayil na cikin kwamfutarka, ko an ɗauke wuta ko sabis ya gudu aikinka na nan. Da Figma, aikin na can wurinsu, kuma ba ta tafiya yadda ya kamata sai da intanet, abin da duk mai aiki a Jimeta ya san ba kullum yake samuwa ba. Farashi da dala ake yanka shi. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya. Bayan sakin naira a Yunin 2023, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A wannan shekarar Figma ta mayar da sashen injiniyoyi, Dev Mode, na kuɗi, a 2025 kuma ta ƙara farashi. Akwai Penpot, ta wani kamfanin Sifaniya mai suna Kaleidos, wadda lambobinta a buɗe suke ga kowa, kuma makaranta ko cibiyar horo za ta iya ɗora ta a kan injinta na kanta. Ba ta kai Figma santsi ba, amma ina ganin ya dace cibiyoyin da ke horar da matasanmu su koyar da ita gefe da gefe, su kuma saba wa ɗalibai da sauke kwafin aikinsu su ajiye a hannu.

Yanzu matakin jan akwati a kan maɓalli shi ma ana haɗiye shi. A Mayun 2025 Figma ta fito da Figma Make, inda mutum zai rubuta abin da yake so da kalmomi, ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa samfuri mai aiki. Irin waɗannan manhajoji sun fi jin Turanci nesa ba kusa ba, kuma misalan da suka koya daga gare su na mutanen da ke karanta boko ne a kan waya mai tsada. Ba su san mai sayar da kifi a bakin Binuwai ba, wadda ke gane lambobi amma ba ta karanta dogon rubutu, wayarta ƙarama ce mai fasasshen gilashi, kuma ta fi sakewa da Fulfulde ko Hausa. Matashin da ke son ya yi manhajar adashi ko ta lissafin bashin shago don irin waɗannan mutane, aikin da Valberg da Nadel suka fara a 2011 har yanzu yana gabansa: ya haɗa shafuka biyar ko shida, ya kai mata, ya ce ta tura naira dubu biyu ga 'yarta, ya yi shiru ya ga inda yatsanta zai tsaya yana shakka. Idan ta danna hoton jaka tana zaton nan ne kuɗinta suke, alhali shi ya sa shi ne don sayayya, sai ya koma ya canza hoton a daren, ya dawo washegari ya ba maƙwabciyarta.